Ni Ne Dakta Rukayya

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, har sunayen wasu da muka yi aji ɗaya da su sai an tuna mini, amma ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya a kan wani tudu a bayan garin su matata, ƙafata ba takalmi, dattawa sun kewaye ni, ina rantse-rantse don su yarda cewa ni mace ce. Ba ma mace kawai ba, likita, mai aiki a Landan.

Bari dai in faro daga tushe, don kada a ɗauka taɓin hankali ne (ko da yake limamin garin kusan hakan ya ɗauka, za mu zo wurin).

Lokacin da nake karatu a kwalejin horar da malamai a Kano, a Bacirawa nake zaune wurin wani ɗan'uwanmu. A nan ne wani abokin karatuna ya ja ni shagon intanet, ya nuna mini abin da ake kira bulog. Ya ce shafi ne naka na kanka, ka rubuta abin da ka ga dama, duniya duka ta karanta. Wannan "duniya duka" ita ta tafi da imanina. Ni da tun ina firamare nake cika bayan littattafaina da rubutu babu mai dubawa sai gara, yau an ce mutumin ƙasar Sin ma zai iya ganin abin da na rubuta? A ranar na buɗe nawa, na sa masa suna "Daga Gindin Ɗorawa", saboda akwai wata ɗorawa a bakin gonarmu da na yi imanin a ƙarƙashinta basirata take sauka.

Da na gama karatu na dawo ƙauyenmu, nan kusa da Ɗambatta, na samu koyarwa a firamare. Da safe makaranta, da yamma gona. Ranar kasuwa kuwa sai in hau kekena in nufi Ɗambatta, in ratsa 'yan hatsi, in kauce wa garken awaki, in shige wani ɗan shagon intanet da ke bayan tasha. Yaran yanzu ba za su gane wahalar nan ba. Tsofaffin kwamfutoci ne masu ƙatuwar ƙeya, inji yana ruri a baya, fanka tana kwaso zafi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. Ka danna shafi, ka fita ka yi alwala ka yi sallar la'asar, ka dawo ka tarar hoto ya sauko iya wuya. Wani lokaci ka gama buga dogon rubutu kana shirin turawa, sai mai ya ƙare a inji, allo ya yi baƙi ƙirin. Sai ka zauna kana kallon fuskarka a ciki.

Da farko rubutun manya nake yi. "Matsalolin Al'umma A Wannan Ƙarni Da Hanyoyin Magance Su." Ni da ban iya magance facin tayar kekena ba. Kowane sakin layi sai na fara shi da "Ya kai mai karatu", in zuba Larabci, in jefa kalmomin da ni kaina ban tabbatar da ma'anarsu ba. Idan na gaji da gyaran al'umma, sai in rubuta abin da ke gabana: yadda gonakinmu suka matsu da juna har idan ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu daga tasa, yadda ake jigilar taki a mangala tun rani, da rumbun kakata, wanda ba ta yarda kowa ya leƙa ba sai ita, da yadda muka buɗe shi bayan rasuwarta muka tarar ta ware irin geron baɗi, ta ƙulle shi cikin tsumma ta rataye. Waɗannan ban ɗauke su rubutu ba. Cike gurbi ne kawai kafin wata babbar matsalar al'umma ta faɗo mini.

A ƙasan shafin akwai wata 'yar lamba da ke nuna yawan waɗanda suka leƙo. Kullum na zo sai in ga ta ƙaru, in koma gida ina tuƙa keke da hannu ɗaya. An daɗe kafin in gane cewa duk lokacin da na buɗe shafin don in duba lambar, ni ne nake ƙara ta. Wato ni ne marubuci, ni ne kuma jama'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin sharhi. A ƙarƙashin kowane rubutu sai ka ga an sa: babu sharhi. Kamar ka yi sallama a ƙofar gida da ƙarfi, ka sake yi, ko kaza ba ta amsa ba. Wata rana ina zaune ina kallon wannan "babu sharhi", sai wani tunani ya zo mini, irin wanda ke zuwa wa mutum idan ya sha rana. Na ce ai mutane kunya suke ji, kowa yana jiran wani ya fara. Idan suka ga an buɗe hanya, za su biyo. Saboda haka ba yaudara zan yi ba, share fage zan yi. (Haka na gaya wa kaina, kuma na yarda da ni.)

Na buɗe sabon imel, na ɗora hoton fure, na tsaya ina tunanin suna. Zan iya cewa Malam wane daga Bichi. Amma wa zai ji daɗin yabon Malam wane daga Bichi? Na rubuta: Dakta Rukayya, Landan.

Sharhinta na farko mai kamun kai ne. "Assalamu alaikum Malam. Rubutunka ya tuna mini gida. Allah ya ƙara basira." Na fita daga sunanta, na shiga da nawa, na amsa cikin tawali'u: "Haba Dakta, ai mu ɗalibai ne. Na gode ƙwarai." Na jingina da kujera ina kallon allo, wallahi sai da na ji wani sanyi a ƙirjina, kamar da gaske wata ce ta rubuto.

Babu wanda ya biyo hanyar da na share. Sai ni da Dakta muka ci gaba da abinmu. A hankali ta saba da ni, ta saki jiki. Ta fara ba ni labarin sanyin Landan (wanda na tsinta a rediyo), da yadda take kewar fura da zogale. Ta ce rubutuna kan matsalolin al'umma ya sa ta zubar da hawaye a ofis. Abin ya kai ga wata ranar kasuwa na shiga shagon da ɗoki, na buɗe shafi, na ga ba ta ce komai ba a kan sabon rubutuna, sai na ji raina ya ɓaci. Har na fara cewa a zuciyata, mutanen waje dai ba su da alƙawari. Sai can na tuna cewa makon jiya inji ne ya mutu kafin in shiga da sunanta.

A daidai wannan lokaci kuma ina neman aure, na gaske. Hadiza sunanta, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, gona da gona muke da su. Ta gama sakandare tana koyar da yara a Islamiyya. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Manya sun riga sun shiga maganar, an ce da an yi girbi za a sa rana. Waliyyinta shi ne baffanta, Malam Ilu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya koma noma. Ɗansa da ke aiki a Kano ya saya masa waya mai shiga intanet, irin ƙananan nan masu madannai, kuma duk faɗin yankinmu shi ne kaɗai dattijon da ya iya abin. Yana alfahari da haka kamar yadda wani ke alfahari da bijimin sa.

Da na bar Dakta a inda take, da babu abin da zai faru. Amma yabon da ba wanda ya gani, ina amfaninsa? Wata rana muna zaune a teburin mai shayi da abokaina, ɗayansu ya ce wai me nake zuwa yi Ɗambatta kullum, ko wata na ajiye a can. Na yi murmushin manya, na karɓi wayarsa, muka yi ta ɗaga ta sama har shafin ya buɗe. Na miƙa masa na ce, "Karanta na ƙasan nan." A makon nan kuwa Dakta ta ɗan wuce gona da iri. Ta rubuta: "Malam, duk macen da ta same ka ta dace. Ina ma a ce Landan kusa take."

Majalisa ta kaure. Aka yi ta dukan kafaɗata, mai shayi ya ƙara mini madara ba tare da na tambaya ba. Na ce musu don Allah magana ta tsaya a nan. Suka ce haba, ai mu maza ne.

Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya je injin niƙa, ya je bakin rijiya, ya je gidan suna. Kuma duk inda ya sauka sai ya ƙara ƙiba. A bakin mai shayi likita ce 'yar Kano. A injin niƙa ta zama baturiya da ta musulunta. A gidan suna an ce har ta turo mini biza, jirgi kawai nake jira.

Na dawo daga makaranta na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, kuma ba ta cika kallona ido cikin ido ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, wace ce wannan likitar da ake ta yi mini barka a kanta?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, a buɗe, ba kowa sai ni da mahaifiyata. Na dubi ƙofar na wuce. Na ce, "Wata mai karanta rubutuna ce kawai, Inna."

"Mai karatu ce take cewa wadda ta same ka ta dace?" Ta buga rariya a tafin hannunta. "Ta taɓa ganin ɗamin geron da ka ɗaure? Ba a kai shi bakin hanya bai warware ba."

Shi kuwa Baffa, ƙanin mahaifina wanda ke riƙe da maganar aurena tun bayan rasuwar Baba, tare ni ya yi a hanyar masallaci, ya ja ni gefe. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya rage murya ya ce, "Idan kun yi magana da 'yar nan, ka tambayar mini ita maganin sanyin gwiwa. Na can ya fi namu ƙarfi." Na ce to, Baffa, in sha Allahu.

Da na je zance wurin Hadiza da yamma, ta fito kamar kullum, ta zauna a gefen tabarma, muka gaisa. Ta tambayi Inna, ta tambayi 'yan makaranta. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Ya Dakta? Tana lafiya?"

Mai hankali zai gane cewa wannan ba gaisuwa ba ce. Ni kuwa daɗi na ji. Na ce a raina, ashe ana kishina. Na miƙe ƙafa na ce, "Ai kin san mu marubuta, ba ma rasa masoya."

Ta ce, "Haka ne, Malam." Ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Na zauna ina jiran tukunyar nan har aka kira magariba. Zuwa na gaba aka ce ba ta jin daɗi. Na bayansa aka ce ta tafi unguwa, alhali ina jin muryarta a cikin gida tana korar kaji. Ba a jima ba saƙo ya iso wurin Baffa: Malam Ilu yana son ganinsa, kuma ya taho da yaron.

Duk wanda ya san al'adarmu ya san ba a kiran mai neman aure zaman manya sai da dalili. Muka je bayan la'asar. Na tuɓe takalmina tun daga waje, na shiga zaure a sunkuye, na raɓe kusa da ƙofa a ƙasa. Malam Ilu yana kan buzu, limamin garin yana damansa, ga wasu dattawa biyu na dangin Hadiza. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi damina, aka yi maganar tsuntsayen da ke damun gero. Ni dai kaina yana ƙasa ina nazarin tururuwa.

Can Malam Ilu ya zaro tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya fito da wayar nan. Ashe ya adana shafin tun tuni. Ya yi gyaran murya irin ta ranar rabon sakamako, ya fara karantawa dalla-dalla, yana tsayawa a kowace waƙafi.

"'Malam, duk ranar da na fito daga ɗakin tiyata a gajiye, rubutunka ne maganina.'"

Liman ya ce, "Subhanallahi."

"Ga amsar yaronku: 'Dakta, kalamanki sun fi ƙarfin alƙalamina.'" Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ci gaba. Ya karanta na fura da zogale, ya karanta na hawaye a ofis, ya zo kan "ina ma a ce Landan kusa take" ya maimaita shi har sau biyu. Ban taɓa sanin cewa rubutun mutum yana iya zama bulala ba sai ranar. Kalmomin da na zauna na ƙawata a shagon Ɗambatta ina jin kaina, ga su suna fitowa daga bakin surukina a gaban liman.

Ya ajiye wayar a kan buzu ya dubi Baffa. "Alhaji, mu ba ma hana abin da Allah bai hana ba. Amma 'yarmu marainiya ce, amana ce a hannuna. Idan yaron nan tafiya zai yi, a gaya mana yanzu, tun ba a sa rana ba, kowa ya kama gabansa cikin mutunci. Yarinya ta daina cin abinci sosai, ni kuma ba zan zuba ido ba."

Wasan da na ɗauka tsakanina ne da kwamfuta, ashe ya hana wata cin abinci. Baffa ya juyo ya ce, "Kai muke saurare."

Na ce, "Baba Malam, ai... babu wata Rukayya."

Liman ya ce, "Inna lillahi. Rasuwa ta yi?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Dama can babu ita. Ni ne."

"Kai ne wa?" in ji Malam Ilu.

"Ni ne Dakta Rukayya."

Wata akuya ta leƙo ta ƙofa, ta dube mu, ta koma. Liman ya ɗan ja da baya a kan tabarmarsa, ya fara motsa baki. Sannan ya tambaye ni a hankali, cikin tausayi, "Yaro, tun yaushe take hawa kanka? Da rana take zuwa ko a mafarki?"

Na ce ba aljana ba ce. Na shiga bayani: yadda ake buɗe imel, yadda nake fita da wannan suna in shiga da wancan, yadda babu mai yi mini sharhi shi ya sa na yi wa kaina. Ina magana ina jin yadda abin yake ƙara muni a kunnena. Da na gama, ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Wato kai kake yabon kanka, kai kuma kake godiya?" Na ce e. Ya ce, "Ikon Allah."

Malam Ilu kuwa girgiza kai ya yi. "Yaro, na yi shekaru ina jin ƙaryar ɗalibai. Na ji wanda ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. Amma ban taɓa jin wanda ya ce shi ne budurwar kansa ba. So kake ka rufa mata asiri, ka mayar da mu yara."

Ka ga inda na tsinci kaina. Na faɗi gaskiya mafi ɗaci a rayuwata, an ƙi karɓa. Na ce wallahi zan iya nunawa, a ba ni waya in shiga da sunanta. Ya ce madalla, haka ake so, sai dai babu sabis a zaure, sai an hau tudun da ke bayan gonarsa.

Haka muka fito a jere. Malam Ilu a gaba da waya a sama kamar mai neman wata, liman a bayansa, sai dattawa biyu, sai Baffa yana ɗingishi, sai ni a ƙarshe. Sai da muka shiga cikin dawa ƙaya ta soke ni na tuna na baro takalmina a ƙofar zaure, kuma ba ni da fuskar da zan ce a jira ni. Masu dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa suka ga liman da manyan gari sun nufi tudu, suka ɗauka rikicin iyaka ne, suka biyo. Gidan su Hadiza kuwa bayansa yana kallon tudun, ina ganin kawunan mata suna ɓullowa ta saman danga ɗaya bayan ɗaya.

Da muka hau, na miƙa hannu in karɓi waya. Malam Ilu ya janye ta. "Wayata ba ta son hannu biyu. Faɗi, ni zan buga."

Na faɗi sunan imel ɗin, ya buga da ɗan yatsa ɗaya, yana kiran kowane harafi. Sannan ya ce, "Kalmar sirri."

A nan ne na ji ina ma tudun ya tsage in shige. Domin ranar da na ƙirƙiri Dakta, da kwamfuta ta ce in zaɓi kalmar da ba zan manta ba, abin da ke raina na rubuta. Na yi ƙasa da murya na faɗa.

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Na ƙara kaɗan.

Liman, wanda ya fi kusa da ni, ya ga ya kamata ya taimaka. Da muryar nan tasa da ake ji har bayan gari ranar Idi ya ce, "Cewa ya yi, Hadizata farin wata!"

Daga bayan danga aka saki wata shewa da ban taɓa jin irinta ba ko a gidan biki. Masu fartanya suka fara dafa juna. Malam Ilu bai ko murmusa ba. Ya ce, "A haɗe ko a rabe?" Na ce a haɗe. Ya shiga bugawa, harafi bayan harafi, yana faɗa da ƙarfi. Yana kaiwa ƙarshe sabis ya ɗauke. Ya ɗaga waya, ya juya gabas, ya juya arewa, ya dawo. "Ta goge. Sake faɗa."

Na sake faɗa. A gaban baffanta, a gaban baffana, a gaban liman da rabin gari, ƙaya a tafin ƙafata.

Shafin ya buɗe. Ga hoton fure, ga suna: Dakta Rukayya, Landan. Malam Ilu ya daɗe yana kallo. Ya nuna wa liman, liman ya nuna wa dattawa, duk da na san ba abin da suke gani sai hasken allo. Sai na ga Malam Ilu ya ci gaba da danne-danne. Da ya gama ya gyara tabarau ya ce, "To, jama'a, Dakta ta yi magana." Ya karanta abin da ya rubuta da sunanta a ƙarƙashin rubutuna: "Na janye. Allah ya ba su zaman lafiya."

Sai a lokacin dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a kan kunyar gona yana share hawaye da hularsa. Kowa ya ɗauka. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baffa. Ya dube ni da fuskar wanda aka ci amanarsa ya ce, "To, ni gwiwata fa?"

A kan tudun nan aka yi fatiha, aka ce magana tana nan yadda take, da an kai amfani gida za a sa rana.

Sai da na yi kwanaki ina bin bayan gari zuwa makaranta kafin na iya komawa zance. Hadiza ta fito, ta zauna, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce ta yi dariyarta ta gama, ai na cancanta. Da ta natsu na ba ta haƙuri. Ta ce ita ba Dakta ce ta fi ɓata mata rai ba. "Na ma yi zargin wani abu, Malam. Wace mace ce za ta karanta matsalolin al'umman nan har ƙarshe, ta ce ta yi kuka? Sai dai kukan gajiya. Abin da ya yi mini ciwo, da na tambaye ka, sai ka miƙe ƙafa ka ce ba kwa rasa masoya."

Na ce, "Dakata. Ke kin karanta?"

Ashe tun da na taɓa ambata mata sunan shafin, a farkon zuwana, take karɓar wayar baffanta idan za ta kai masa caji, ta tsaya a kan tudun nan ta karanta. Duka ta karanta. Ta ce na rumbun kakata ta fi so, har ta karanta wa mahaifiyarta, tsohuwar ta ce ita ma haka uwarta take ƙulle iri.

Na ce, "To me ya hana ki rubuta ko kalma ɗaya? Kin san yadda na nemi mai cewa wani abu?"

Ta ce, "Na so. Har na fara. Sai na ga likita daga Landan tana zuba Hausa mai daɗi, na ce ni me zan faɗa a gabanta? Sai na goge."

Wannan ya fi abin da ya faru a tudu zafi, ko da yake babu wanda ya gani. Mai karatu ɗaya tak Allah ya ba ni ta gaske, ni kuma na ƙera ta bogi na tsayar a ƙofa ta kore ta.

An yi biki bayan kaka. Shagon intanet na Ɗambatta ya daɗe da rufewa, yanzu magungunan feshi ake sayarwa a wurin. Har yau ina rubutu, sai dai na bar al'umma ta ji da matsalolinta, na koma kan abin da idona ya gani. Wani rubutun ya samu masu sharhi, wani ya wuce shiru, ba na kuma bin ba'asi. Sunan Dakta kuwa ya bi ni. Mai shayi da shi yake kirana, surukaina da shi suke tambayata, har akwai sababbin malamai a makarantarmu da suka ɗauka wani babban digiri na yi, ni kuma ban ga dalilin gyara musu ba. Da Allah ya ba mu 'ya mace, ranar suna ana zaune ana shawara, Malam Ilu ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa a yi wa uban yarinya takwara. Kafin in buɗe baki liman ya riga ya shafa fatiha. Rukayya tana aji uku yanzu, kuma wai likita take son zama.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ka yi rubutu ka ji shiru, ka bar shirun nan yadda yake, ba ka san wadda ke tsaye a kan tudu tana karantawa ba. Idan kuma son yabo ya ci ƙarfinka har ka rasa yadda za ka yi, to don Allah ka zaɓi kalmar sirrin da liman zai iya faɗa da ƙarfi a gaban surukanka.